Shekarar da Aka Kai Ladi Ƙauye

Bitrus, Saratu, Ladi, wannan babin ne na fi daɗewa ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin ƙuruciyata da zuwana Kaduna ba tare da hannuna ya yi nauyi ba, amma da na iso shekarar da aka rufe masaƙa sai na ajiye biro har mako uku. Ranar da muka dawo daga binne babanku na ji Saratu a bayan gida tana ce wa wata ƙawarta Baba mutumin kirki ne, abu ɗaya kawai ya yi mana, da ya ɗauki Ladi ya kai ƙauye. Ban tanka ba a ranar, na gaji, kuma gida cike yake da masu gaisuwa. Amma ba haka abin ya faru ba. Shi ba ya nan, kuma ko da yana nan na san ba zai faɗa ba, don haka ni zan faɗa.

Shekara goma sha tara na yi ina buga tafireta a ofishin wata masaƙa a Kakuri. Babanku yana ɓangaren rini a masaƙar, a nan muka haɗu. Na iya aikina, ba yabon kai ba ne. Manaja yakan tsaya a kaina yana magana ina bugawa, kafin ya rufe baki wasiƙar ta fito, babu gyara ko ɗaya. 'Yan mata sababbin ɗauka ni ake ba su in koya musu, suna ce mini Madam Rahila. Rana ɗaya aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙar, mu biyu muka dawo gida Narayi a bas ɗaya. Kafin mako ya zagayo babanku ya karɓi babur a hannun wani ɗan cocinmu ya fara acaba, mutum mai furfura a gemu yana tsere da yara a kan hanyar Sabon Tasha. Ni kuwa na ce ba zan soya ƙosai ba, ba zan kasa tumatir ba, ofis na sani, ofis zan koma.

Sai dai duk inda na kai takarduna tambaya ɗaya ce, kin iya kwamfuta? A masaƙa akwai kwamfuta biyu a ofishin akanta, amma ban taɓa ɗora hannu a kansu ba, kallon kayan samari nake yi musu. Wata rana ina dawowa daga neman aiki na tsaya wurin wani mai kasa tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Kakuri, na sayi guda biyu. Ɗaya na koyon kwamfuta ne, mai kauri, da hotuna. Ɗayan ƙarami ne, bangonsa ya yage, yana koya wa mutum yadda zai ci intabiyu. Daga ranar karatu ya zama aikina. Kuna fita makaranta sai in shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, in yi ta karatu ina ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Na haddace sunan kowane maɓalli. Na san yadda ake buɗe fayil, yadda ake adana shi, yadda ake tura shi injin bugawa, duk a kaina. Idan ka tashe ni daga barci zan karanto maka su a jere kamar ayar haddacewa ta makarantar Lahadi. Wata huɗu na yi a haka. Kuma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, karatun yana mini daɗi, domin muddin littafi yana hannuna ina jin kamar ina yin wani abu, kuma ba wanda zai ce ina zaune ne kawai.

Babanku ya lura. Wata rana da rana ya dawo shan ruwa, ya tsaya a kaina da hular kwano a hannu, fuskarsa duk baƙin hayaƙi.

“Maman Bitrus, akwai wani shagon kwamfuta a Sabon Tasha, ina yawan sauke mutane a wurin. Ki zo in kai ki, ko awa ɗaya ce ki taɓa abin da hannunki.”

“In je in zauna cikin yara sa'annin Bitrus, suna kallona suna dariya? Bari in gama littafin tukuna.”

“Ai tun Ista kike gama shi.”

“Kai ka san tuƙin babur, ni na san aikin ofis. Kowa ya tsaya a nasa.”

Ya sha ruwansa, ya kifa hularsa ya fita. Kun san halinsa, ba ya maimaita magana sau biyu.

Da damina ta kankama aka yi sanarwa a coci cewa wani kamfanin 'yan kwangila da ke da ofis a hanyar Rido, kusa da matatar mai, yana neman sakatariya. Na kai takarduna, aka kira ni intabiyu. Na goge atamfata mai ruwan ganye, wadda masaƙa ta ba mu a Kirsimetin ƙarshe, babanku ya ɗauke ni a babur har ƙofar ofishin. Mu goma sha ɗaya ne a kan benci, ni ce babbarsu nesa ba kusa ba. Da aka kira ni na tarar da mutum biyu, wani injiniya mai tabarau da wata mata mai kula da ma'aikata, kowa yana ce mata Madam. Duk abin da littafin ya ce na yi. Na gaishe su ina kallon idonsu, ban zauna ba sai da aka ce in zauna, na ɗora hannuwana a kan cinya. Suka tambaye ni tarihin aikina, na ba su. Injiniyan ya ce wani kawunsa ma a masaƙa ya yi aiki, muka shiga hirar Kakuri ta da, lokacin da in an tashi daga aiki kekuna suke cika titi har mota ba ta samun hanya. Muka yi dariya. Ya tambaye ni yadda ake adana fayil, na zayyano masa tiryan-tiryan, ya gyaɗa kai. Madam ta ce in aka ɗauke ni yaushe zan iya farawa, na ce ko gobe. Daga nan ta tashi ta ce in biyo ta, ta bi da ni ta wani dogon baranda, tana nuna mini nan ne sito, nan ne ofishin Oga, har muka isa wani ƙaramin ɗaki mai kwamfuta a kan tebur. Ta miƙo mini wata wasiƙa ta ce in buga.

Abin da ya faru a ɗakin nan bai fi minti biyar ba. Na zauna, na kama ɗan abin nan da ake juyawa da hannu, maus, sai ya ƙi bin umarnina. In na tura shi kaɗan sai kibiyar ta tsallake can ƙarshen gilashi, in na dawo da shi sai ta ɓace. Littafin ya ce a danna sau biyu, na danna, ba abin da ya buɗe. Madam ta sunkuyo ta buɗe mini da kanta, ta ce ba komai, ci gaba. Da na samu haruffa a ƙarƙashin yatsuna sai na dawo Rahilar da na sani, na buga wasiƙar kafin ta gama duba agogonta, sai dai ina dukan maɓallan da ƙarfi irin na tafireta, har wata yarinya ta leƙo daga ofishin gefe. Madam ta ce in adana. Na san amsar, na faɗe ta da bakina ɗazu, amma na rasa inda abin yake a kan gilashin. Ta yi murmushi ta ce ya isa, za a kira ni.

A hanyar dawowa na kwashe minti biyar ɗin nan na ajiye su gefe guda a zuciyata. Ina isa gida ko ɗankwali ban cire ba na ɗauko ƙaramin littafin, na buɗe babin da ke bayanin alamomin da mutum zai gane intabiyunsa ta yi kyau. Ya ce in sun riƙe ka fiye da lokacin da suka tsara, alama ce. Ni sun riƙe ni kusan awa guda, alhali wadda ta riga ni shiga ba ta yi minti ashirin ba. Ya ce in sun tambaye ka yaushe za ka fara, alama ce. Ya ce in sun zagaya da kai cikin ofis, to sun fara ganinka a matsayin nasu. Na sa jan biro na yi wa kowacce maki. Da yamma na dafa shinkafa da wake, har da ɗan kifi, na ce muku aiki ya samu, saura a kira ni. Bitrus, kai ka ɗaga Ladi sama kana juyi da ita. Babanku ya tambaye ni abu ɗaya.

“Sun sa ki a gaban injin?”

“Sun sa ni. Na buga musu wasiƙa cikin minti biyu.”

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na bari ban faɗa ba.

Kwana uku bayan haka matar Fastonmu ta zo gida. Ita ce ke kula da ƙaramar firamaren coci, inda Ladi ke aji biyu. Ta zauna a kan tabarmata, ta ɗauki babban littafin ta juya shi, ta ajiye.

“Maman Bitrus, sakatariyarmu za ta bi mijinta Jos. Albashin ba wani abu ba ne, ba zan ruɗe ki ba. Amma tafireta muke da ita, irin wadda kika sani, kuma ɗan ma'aikaci kyauta yake karatu, har da abincin rana. Na ce kafin in faɗa wa kowa bari in fara zuwa wurinki, saboda Ladi.”

“Mama, na gode, Ubangiji ya sāka. Amma na riga na samu aiki a Rido.”

“Sun ba ki takarda?”

“Za su kira. Duk alamu sun nuna.”

“To ki karɓi wannan ki riƙe, in sun kira sai ki tafi, ba zan ji haushi ba.”

“Ba na so in fara abu in bari a tsakiya, Mama. Ki ba wani mai buƙata.”

Wani mai buƙata, haka na ce, a gidan da ake auna garin tuwo da ƙaramin kofi. Har yau in na tuna kalmar sai in ji kunya ta rufe ni. Abin da ke raina shi ne, matar da ta yi shekara goma sha tara a babban ofis ba za ta ƙare da buga jarrabawar 'yan aji uku ba. Da babanku ya dawo na faɗa masa, ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa, sannan ya ce tunda na tabbata, shi ke nan.

Wayar hannu ɗaya ce a gidan a lokacin, ta babanku, ita na ba da lambarta. Ya bar mini ita, yana fita aiki babu waya, fasinjojin da suka saba kiransa suka koma wa wasu. Ni kuwa na zama mai gadin waya. Ina sa ta a aljihun zane in zan yi wanka, in an ɗauke wuta sai in bi maƙwabta masu janareta ina roƙon caji. A coci nakan zauna kusa da ƙofa don in ta yi ƙara in fita da sauri. Mako na farko na ce suna tantancewa. Mako na uku na ce Oga ya yi tafiya. Ina komawa babin nan ina sake karanta shi kamar wani sabon abu zai fito a ciki. Ruwa kuma ya yi ta zuba a shekarar, hanyoyin Narayi suka zama taɓo, wata rana babanku ya fita tun safe ya dawo da abin da bai wuce na mai ba. Muka saki ɗaki ɗaya muka tattaru a ɗaya. Da aka koma makaranta wata mata ce zaune a kan kujerar sakatariyar da matar Fasto ta kawo mini har gida, Ladi kuma, da yake ba mu da kuɗin makarantarta, tana zaune tare da ni a ƙarƙashin mangwaro, tana zane a ƙasa da tsinke.

A lokacin ne kakarku ta aiko daga ƙauyenmu na wajen Zonkwa cewa masara ta yi, akwai firamare kusa da gida, a kawo mata yaro ɗaya. Bitrus yana shirin jarrabawar fita sakandare, Saratu tana taya ni aikin gida, Ladi ce ta rage. Ni da babanku muka yi maganar a bakin rijiya, da safe, kafin ku tashi. Na ce a ƙara mako biyu, wataƙila su kira. Ya ce mako bakwai ke nan. Na fara kuka na ce ni na jawo, zan faɗa wa yara da bakina.

“Ba za ki faɗa musu komai ba,” in ji shi. “Ni zan ce na yanke. In sun yi fushi da ni, da safe na fita sai yamma. Ke ce kike wuni da su.”

Haka aka yi. Saratu, kin tuna kin riƙe ƙafar babur kina ihu, kin yi wata guda ba ki gaishe shi ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, ban buɗe baki ba. Ladi ba ta yi kuka ba, ta ɗauka yawo za a je, ta ce in ajiye mata ƙanzo.

Washegarin tafiyar Ladi na shiga bas na tafi Rido. Littafin ya ce kada mutum ya matsa wa masu ɗaukar aiki, amma na gaji da littafin. A ɗakin nan mai kwamfuta na hango ɗaya daga cikin 'yan matan da muka zauna a benci tare, tana aiki. Madam ta gane ni, ta ba ni kujera, har ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ce sori, sun ɗauki wata tun makon da aka yi intabiyu, kuma ba su saba kiran waɗanda ba a ɗauka ba. Na ce ba rigima na zo yi ba, so nake in gane inda na yi kuskure, domin na ga kun riƙe ni kusan awa guda.

“Ai ranar janareta ne ya mutu kina shigowa,” in ji ta. “Jira muke a gyara don mu gwada ki a kan kwamfuta, shi ya sa injiniya ya yi ta jan hira.”

“Kin tambaye ni yaushe zan fara.”

“Kowa muna tambayarsa, yana cikin fom.”

Ban tambaye ta zancen zagayawa ba, na riga na gane barandar ce kaɗai hanyar zuwa ɗakin. Ta dube ni da tausayi, ta ce, “Mama, a cikinsu duka babu mai saurin hannunki, kuma Turancinki ya fi nasu. Amma kin taɓa zama a gaban kwamfuta kafin ranar?” Na ce a'a. Ta ce ta gani. Ta ce da na yi ko mako biyu ina taɓawa, da ba su da wani dalilin barina.

Mako biyu. Na yi ta juya maganar a cikin bas. Ban sauka a Narayi ba, na wuce Sabon Tasha, na nemi shagon da babanku ya faɗa. Mai shagon wata 'yar Binuwai ce, shekarunta na haihuwa ba su wuce shekarun aikina a masaƙa da yawa ba. Na ce mata na iya bugu amma ban iya injin ba, in za ta koya mini zan riƙa buga mata aikin ɗalibai a madadin kuɗin koyo. Ta ba ni kujera tsakanin wasu 'yan sakandare biyu. Sun yi dariyar kuwa, yadda na ji tsoro, musamman da suka ji yadda nake dukan maɓalli. Dariyar ba ta kai minti ɗaya ba, kowa ya koma kan abin da ke gabansa. Abin da na guje wa wata huɗu ke nan. A kwana na tara na daina neman kibiya. Kafin Kirsimeti ɗaliban da ke kawo aikin kammala karatu suna cewa a ba Mama, ita ba ta kuskure. Ban sake komawa babban ofis ba har na tsufa. A shagon nan na yi shekara shida, daga baya na buɗe nawa a Unguwar Boro, wanda kuka sani, wanda ya kai ku inda kuka kai.

Amma kafin mu sake kama ɗaki na biyu, mu ga za mu iya riƙe baki biyar, sai da aka yi shekara biyu. Sau uku kawai na ga Ladi a tsakanin. Ranar da na je ɗauko ta na tarar da ita a bayan gida tana sussukar masara tare da kakarku, ta yi tsawo, ta yi baƙi, an yi mata aski saboda ƙuraje. Na buɗe hannuwa na kira sunanta. Ba ta rugo ba. Ta ajiye masarar, ta goge hannu a jikin riga, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da yarenmu, cikin ladabi, yadda ake gaida baƙuwar da ta zo daga birni. Kakarku ta ce, ke, uwarki ce fa. Ta ce ta sani.

A mota na ba ta wajen taga. Na sayi gyaɗa da ayaba a tasha na ɗora mata a cinya, ta ce ta gode. Mun wuce Kachia kafin ta juyo ta dube ni, ta yi mini tambayar da na san tun ranar da aka kai ta ƙauye take riƙe da ita.

“Mama, laifin me na yi wa Baba?”

Na ce ba ki yi laifin komai ba. Ta jira in ƙara wani abu. Motar cike take da mutane, ga kaji a ƙarƙashin kujera, ga wani yana ta gardama da direba, na ce a raina ba nan ne wurin ba, sai mun isa gida. Da muka isa gida na ce sai ta huta. Ladi, yanzu ke ma kina da 'ya mai shekara bakwai. Ba ki yi wa kowa laifi ba, babanki ma bai yi miki ba. Ni ce aka kawo wa kujerarki ta makaranta har tsakar gida, na ce a ba wani.